Daminar da Baba Ya Tsaya a Sittin da Ɗaya

Bana ma ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, kowa ya zuba iri, masara ta fito ta yi kyau, sai sama ta bushe ƙayau. Ranar Asabar da ta wuce na je gona na tarar ganyen ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu. Gonar tamu yanzu gidajen haya na ɗalibai sun kewaye ta, janareta na ta ruri ta kowane gefe, har wata yarinya ta leƙo ta taga ta yi mini sannu da aiki. Na tsuguna na tona gindin masara da yatsa in ga ko da sauran laima. Babu. Zafin ƙasar da ya taɓa mini yatsa shi ya mayar da ni shekarar da Baba ya faɗi.

Ina budurwa a lokacin, ban gama sakandare ba. Gidanmu yana Tudun Ƙofa, gonar kuwa tana kan hanyar Garaku, tafiya mai ɗan nisa a ƙafa. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni Rakiya da ƙanwata Binta. Babanmu, Malam Isiyaku, manomi ne, amma a gari an fi saninsa da malamin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar yake tara manya a zaurenmu, mahauta da teloli da masu facin keke, yana koya musu karatu da rubutun Hausa. Abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Gona ce ke ciyar da mu.

Yana da wani wasa da yake yi wa ɗalibansa don kada su yi gyangyaɗi. Sai ya ce a rubuta sunan lamba, a ƙirga haruffan. Uku haruffanta uku ne, huɗu huɗu, biyar biyar. "Waɗannan su ne masu gaskiya," in ji shi. "Abin da suka faɗa a kansu shi ne a jikinsu. Sauran cika baki suke yi." Daga nan ya ƙirƙiro mai wuya, yana kiransa jeri. A jeri, kowace lamba ka rubuta, dole ta faɗi yawan haruffan da ke layin tun daga farko har zuwa ƙarshenta ita kanta. Ka fara da biyar, haruffa biyar ke nan. Ka ƙara tara, mai haruffa huɗu, sun zama tara. Ka ƙara ashirin da biyu, ka ƙirga gaba ɗaya, ashirin da biyu za ka samu. Haka za ka yi ta tafiya har inda hanya ta toshe.

Abokin wasansa na gaske shi ne Malam Yohanna, malamin firamare ɗan ƙabilar Mada, wanda yake zuwa daga Garaku a kan keke duk Asabar. Su zauna a gindin mangwaron tsakar gidanmu suna zane a ƙasa da tsinke, suna gardama kamar za su daku. Kafin Baba ya faɗi sun kai jerinsu talatin da bakwai, suka maƙale.

Ƙarshen rani ne, lokacin da zafi ke sa kaji su buɗe baki a inuwa. Baba ya tafi sharar gona da sassafe. Kafin azahar maƙwabtansa na gona suka kawo shi a bayan a-kori-kura, bakinsa a karkace, hannun dama da ƙafar dama suna lilo. Yayansa, Baffa Sale, mai sayar da yadi a kasuwa, shi ya kai shi asibiti, shi ya tsaya a kansa har aka sallame shi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi ɗawainiya. Aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Aka dawo mana da shi gida da kalma guda a bakinsa. Komai aka ce masa, sai ya ce, "A'a." Ka miƙa masa ruwa yana jin ƙishi, ya ce a'a, ya karɓa da hagu ya shanye.

Ba a daɗe ba Baffa ya zo da buhun shinkafa da galan na manja. Ya zauna a kan kujera kusa da tabarmar Baba, ya kira Inna.

"Hauwa, zauna mu yi maganar hankali. Akwai wani ma'aikaci daga Abuja yana neman fili a bakin titi, ya ga gonar nan ya yaba. A sayar, a kai Isiyaku babban asibiti a Jos, abin da ya rage ku ci abinci."

A gaban Baba ake wannan magana, kamar ana yi a gaban turmi.

Inna ta ce, "Yaya Alhaji, ga mai gonar nan a kwance. Ka tambaye shi."

Baffa ya sunkuya. "Isiyaku, a sayar da gonar?"

"A'a."

"Isiyaku, sunanka Isiyaku?"

"A'a."

Baffa ya buɗe hannuwa ya dubi Inna. "Kin gani. Babu kowa a ciki. Allah ya riga ya ɗauki hankalin, gangar jiki ce ta rage."

"Ni dai ta farkon na ji," in ji Inna.

"To wa zai noma? Ke? Ko 'yan matan nan?"

"Mu."

Ya yi dariyar takaici. Ya ce shinkafar ma mai sayen ne ya aiko da ita, a kan cewa magana ta kusa ƙarewa. Inna ta ce in haka ne ba tamu ba ce. Ta sa ni da Binta muka kama buhun, muka ja shi har ƙofar gida inda motarsa take. Har yau ina tuna ƙamshin shinkafar nan da ya fito ta bakin buhun. Na daɗe ina jin haushin Inna a kansa, musamman da watannin yunwa suka zo.

Inna Bagwandariya ce, 'yar ƙauye, ta tashi da fartanya a hannu kafin aure ya kawo ta cikin gari. Dangin Baba ba su taɓa mantawa da hakan ba, ita ma ba ta manta ba. Ranar da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci, ta shiga ɗaki ta fito da garmar Baba. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta ɗora garmar a kafaɗa, muka bi ta tsakiyar unguwa. Mata suna leƙe ta zaure. Na ji wata ta ce, "Matar Malam da garma. Ashe ƙauye ba ya fita daga jiki." Inna ta tsaya, ta gaishe ta har da tambayar yara, sannan muka wuce.

Doya ba mu taɓa ta ba a shekarar, don tara mata ƙasa aikin ƙarti ne. Masara muka shuka da gyaɗa, muka bar wa dawa wurinta, ga kuma ɗan rogon bara a gefen rafi. Tsarin kullum ɗaya ne. Bayan sallar asuba Inna ta wanke Baba, ta juya shi, ta shafa masa man kaɗanya a ɓarin da ya mutu, ta ba shi kunu. Mu fito da shi gindin mangwaro, ɗaya a cikinmu ta zauna da shi, ɗaya ta bi Inna. Makaranta na ajiye ta a zangon nan. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Bayana ya riƙe har in na yi ruku'u sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Inna tana gaba tana huɗa, ba ta waiwaye, sai dai in na tsaya ta ce, "Rakiya, ana kallonmu daga titi." Ana kallonmu ɗin kuwa. Mutanen da suka san maganar sukan rage tafiya su ga ko mun gaji.

Baba kuwa abin da ya fi ƙona masa rai masu dubiya ne. Su zo su zauna, su gaida Inna, su tambaye ta ko yana cin abinci, ko yana gane mutane, su girgiza kai su yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Wata rana wani tsohon ɗalibinsa ya ce, "Allah sarki, kamar ba shi ne mai iya lissafin nan ba." Baba ya ɗauki kofin silba da hagu ya wurga masa. Aka fita ana cewa ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Malam Yohanna ne kaɗai bai sauya ba. Asabar ta farko da ya zo, ranar zamana ce a gida. Ya jingine keke, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Malam, ka kwanta ka huta, ka bar ni da aiki ni kaɗai. Ba ka kyauta ba." Ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta biyar, ya rubuta tara, ya ajiye tsinken kusa da hannun Baba na hagu, ya juya yana tambayata labarin gona.

Baba ya daɗe yana kallon tsinken. Da ya ɗauka, harafin farko ya fito kamar kaza ta yi tono. Ya goge. Ya sake. Gumi yana zuba daga goshinsa har kan tabarma. Malam Yohanna bai taimaka masa ba, bai ma kalle shi ba. Sai da inuwar mangwaro ta matsa daga kansu sannan na iya karanta abin da ke ƙasa: ashirin da biyu.

Na tashi zan ruga in gaya wa maƙwabta. Malam Yohanna ya ce, "Zauna, 'yata. Wannan ya daɗe da saninsa. Bari mu ga sabo."

Sabon ya zo. Wasu kalmomin sun ƙi masa, ko sunana ya fara sai ya ɓace masa a tsakiya ya jefar da tsinken. Amma sunayen lambobi suna nan daram. Ya mayar da talatin da bakwai, ya yi kwanaki yana ƙirga da yatsa, sannan ya ƙara arba'in da tara, wadda su biyu suka kasa samu yana da lafiya. Malam Yohanna ya ƙirga, ya cire hula ya mayar. Bayan ɗan lokaci Baba ya ƙara sittin da ɗaya. A nan hanya ta toshe.

A nan ne ruwa ma ya ɗauke. Masararmu ta kai gwiwa, ta tsaya. Kullum da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri, mu fitar da bokitai da kwanoni, sai iskar ta watsa shi. Da rana ƙasa ta yi zafin da ba ta takuwa ba takalmi. Maza suka fita roƙon ruwa, mutanen coci ma suka yi nasu. Masarar ta yi fari daga ƙasa, ta kwanta. Inna ta tsaya a bakin gona tana kallonta. Da muka koma gida ta sauke tukunyar da sauran tsabar dawa ke ciki, ta raba biyu, ta ɗaure rabi a tsumma ta rataye a sama. "Wannan iri ne," ta ce. "Duk wadda ta taɓa, ni da ita."

Girki ya koma sau ɗaya a yini. Mangwaro ya ƙare. Muka koma kwaɗon tafasa da zogale, ƙuli-ƙulin ma sai an yi sa'a. Wani lokaci garin rogo ne jiƙe da ruwa da gishiri. Kunun safe ya tsinke har kana ganin gindin kwano. Yunwa tana da wani ɗaci da take bari a baki, da wani jiri in ka miƙe da sauri daga durƙuso. Binta ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Baba ya fara ture kwanonsa zuwa gabanta. Inna ta mayar masa, ya ce a'a, ya sake turewa. Wannan a'a ɗin babu wanda ya yi gardamar ma'anarta a gidanmu.

Jerin kuwa yana nan a gindin mangwaro. Inna ba ta karanta boko, amma ta hana a yi shara a wurin. In za a shigar da Baba ɗaki sai ta rufe rubutun da tsohuwar tabarma, ta danne da duwatsu saboda kaji. Shi kuwa ya wuni yana gwada lambobi a gefe yana gogewa, wani lokaci ya bugi ƙasa da hannu don haushi. Na taɓa tambayar Inna ko ba wahalar da kansa yake yi ba. Ta ce, "Mu muna da gona, shi yana da wannan. Ki bar shi ya yi nomansa."

Baffa ya ji labarin masarar. Ya dawo, wannan karon tare da mai unguwa, da takarda a aljihu da ɗan kwalin tawada na dangwala yatsa. Da hantsi ne, dukanmu muna gida. Mai unguwa dattijo ne mai ƙiba, tsohon mahauci. Aka shimfiɗa masa darduma. Baffa ya yi bayani, kuma ban ga ƙarya a idonsa ba. Ya nuna Binta ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi yarinyar nan. 'Yar ƙanena ce. Ina da hatsi a gida, uwarta ta hana a karɓa. Shi kuma ga shi nan yana wasa da ƙasa kamar yaro. In mutum ba ya cikin hankalinsa, ai yayansa ne waliyyinsa."

Inna ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, hatsin da aka ce sai an ba da gona ne ban karɓa ba. Malam kuma yana jin duk abin da ake faɗa."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Idonsa yana kan ƙasa. Ya ce, "Wannan jeri ne?"

Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe."

"A zauren nan na koyi rubuta sunana," in ji shi. "Na sha duka da tsinke a kan abin nan."

Ya sauko daga darduma da ƙyar, ya tattare babbar riga, ya tsuguna. Ya bi layin da yatsa yana ƙirga a hankali, leɓɓansa suna motsi, tun daga biyar har sittin da ɗaya. Ya ɗago ya dubi Baba. Sai ya goge lambar ƙarshe, ya sake rubuta ta yadda take. Baba ya ce a'a a hankali, yana gyaɗa kai. Mai unguwa ya yi lissafi, sannan ya rubuta saba'in da uku a gaba.

Baba ya jawo jikinsa ya matso. Ya taɓa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗaga tsinken ya tsula wa mai unguwa a bayan hannu, ya ce, "A'a," da irin muryar da na sani tun ina ƙarama, ya ɗaga yatsa ɗaya yana kaɗa masa. Saura harafi ɗaya lissafin ya cika.

Binta ta rufe baki. Baffa ya miƙe yana cewa a yi haƙuri, ai ga irin abin da yake faɗa. Mai unguwa kuwa dariya yake yi har rigarsa tana rawa, yana murza bayan hannu. Ban taɓa sanin ko da gangan ya yi kuskuren ba.

"Alhaji," ya ce, "bakinsa ne ya ƙi, ba kansa ba. Kawo takardar."

Ya ajiye ta a gaban Baba. "Malam, ka ji duk abin da yayanka ya ce, kuma don kai yake yi. In ka yarda a sayar, ga tawada. In ba ka yarda ba, nuna mana."

Baba ya ɗauki takardar. Ya ɗaga cinyarsa da ta mutu da gwiwar hannu, ya cusa takardar a ƙarƙashi, ya saki cinyar a kai. Sannan ya zuba wa Baffa ido.

Mai unguwa ya ce muddin mai gona yana raye ya ƙi, babu ciniki a unguwarsa. Baffa idonsa ya yi ja. Ya ce, "Isiyaku, ni ceton ka nake yi." Ya juya wurin Inna ya ce, "To, ku ci ƙasar." Ya fita bai ɗauki kwalin tawadarsa ba.

Mun ci nasara, amma tukunya ba ta san an yi ba. Ranar ma tafasa muka ci. Sai da aka ƙara kwanaki sannan ruwa ya dawo, da la'asar sakaliya, da iska mai ƙarfi da ta kwashe mana kwanon ɗakin girki. Muka kinkimi Baba muka shigar da shi zaure, muka tsaya a ƙofa muna kallon tsakar gida tana cika. Tabarmar da ke rufe jerin ta taso tana yawo a kan ruwa. Washegari Inna ta sauke tsumman iri.

Lokaci ya ƙure, hannu uku ba za su iya ba. Malam Yohanna ya ce zai kawo gayya. Inna ta ce ta yarda in za a bar mu mu rama. Ya zo da 'yan'uwansa daga Garaku, maza da mata, ga kuma wasu tsofaffin ɗaliban Baba da labarin dukan mai unguwa ya kai musu, har da wanda aka wurga wa kofi. Aka tuge matacciyar masara, aka yi huɗa, aka shuka dawa a yini guda. Dafaffen rogo da kunu kawai muka iya ba su. Da lokacin maimai ya yi, ni da Inna muka taka har Garaku muka yi musu noma. Ta ce gayya aiki ne a kan aiki, ba wanda zai ce ya ciyar da mu.

Tunda ƙasa ta jiƙe, jeri ya koma kan allon zaure, Malam Yohanna ya kawo alli daga makarantarsu. Muka sauke allon muka jingina shi a bango daidai inda hannun Baba zai kai. Wata Asabar ana yayyafi na kawo musu gyaɗa dafaffiya, sabuwar farko da muka tona, na tarar Baba ya rubuta kalmarsa a gefen allo: a'a. Yana buga allin a kan 'yar wutsiyar nan da ke tsakiya, wadda ake kira hamza, yana ɗaga yatsu uku.

Malam Yohanna ya ce, "Wannan ba harafi ba ne. Ba mu taɓa ƙirga shi ba."

Baba ya goge hamzar da yatsa, ya nuna abin da ya rage, ya buɗe baki ya ja "aa" mai tsawo kamar ɗan akuya. Ya mayar da ita, ya ce, "A'a." Ya kalle shi.

Malam Yohanna ya yi tsaki. "To na ji. Duk abin da hannu ya rubuta a ƙirga shi. Saba'in da ukun mai unguwa ta zauna ke nan, tunda saba'in tana da hamza. Amma ka manta arba'in ma tana da ita. Ka ƙara mata ɗaya, ka rushe na baya."

Baba bai manta ba. Ya koma baya, ya goge bakwai a talatin da bakwai, ya rubuta shida, wadda ta gaza ta da harafi ɗaya. Abin da aka rage a nan shi hamzar arba'in ta cike. Malam Yohanna ya bi layin yana ƙirga da ƙarfi: biyar, tara, ashirin da biyu, talatin da shida, arba'in da tara, sittin da ɗaya, saba'in da uku. Ya sake bi. Sai ya fizge allin ya rubuta tamanin da hannunsa, ita ma ta zauna daidai.

"Amma dai ka canza doka a tsakiyar wasa," ya ce. "Wannan maguɗi ne, Malam, ko a gaban alƙali zan faɗa."

Baba ya yi dariya da rabin baki, har hawaye yana bin gefen da ya karkace. Tun da ya faɗi ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Ya ƙara shekaru a duniya. Ya koyi tafiya da sanda, kalmomi kaɗan suka dawo masa, sunan Inna yana ciki. Hannun dama bai tashi ba. Ko da an kai shi Jos zai fi haka? Ban sani ba, kuma nakan yi tunanin. Abin da na sani shi ne an tambaye shi, ya kuma ba da amsa.

Amfanin shekarar bai yi yawa ba. Masara babu. Gyaɗa ta yi, dawar da aka shuka a makare ta ba da abin da ta iya. Ranar da muka gama yanka muka ɗaure dammuna a bakin gona, mutum zai iya ƙirga su da kallo ɗaya. Malam Yohanna ya ɗauko Baba a bayan keke yana turawa, muka zaunar da shi ya jingina da dami.

Muna nan sai ga motar Baffa ta tsaya a titi. Tun ranar takardar bai taka gidanmu ba. Ya sauko, ya yi sallama, ya dubi dammunan, ya dubi hannuwan Inna.

"Wannan ne abin da kuka yi wa taurin kai?"

"Shi ne, Yaya Alhaji," in ji Inna.

"Ba zai kai ku wata damina ba."

"Ba zai kai ba."

Ta juya ta zaɓi dami mafi girma, mai manyan zangarniya. Ta dubi Baba, ya gyaɗa kai. Ta ce in kama mata. Na tsaya, don na san abin da dami ɗaya yake nufi a tukunyarmu. Ta ce, "Rakiya." Na kama. Muka kai shi har bayan motar, kamar yadda Baba yake aika masa duk kaka tun kafin a haife ni.

Baffa ya ce, "Hauwa, ku da ba ku da shi."

"Na gidan yaya ne. Ba a taɓa fasawa ba. A gaida yara."

Ya tsaya riƙe da makulli. Sai ya buɗe bayan motar da kansa, ya sa hannu muka ɗora.